Yadda Yahudawa Suka Dubi Yesu da Masu Binsa Tun Daga Farko Har Wa Yau

Karatu: Romawa 11:11-24

 

Akwai wata tambaya da takan taso a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki. Matasa sukan yi ta, haka kuma waɗanda suka dawo daga ziyarar Urushalima. Tambayar ita ce, idan Yesu shi ne Almasihun da annabawa suka yi alkawarin zuwansa, me ya sa yawancin mutanensa, wato Yahudawa, ba su karɓe shi ba har wa yau? Sau da yawa akan amsa da sauri a ce taurin kai ne kawai. Amsar nan tana da sauƙi a baki, amma ba ta kai gindin maganar ba.

Mu a nan Kambarawa da sauran unguwannin Katsina ba mu da maƙwabci Bayahude. A Littafi Mai Tsarki muke karanta sunansu, a rediyo muke jin labarinsu. A bakin Bahaushe kuwa kalmar bayahude ta zama zagi, ana jifan mayaudari ko mai mugun wayo da ita, har Kirista ma yakan furta ta bai ko lura ba. Saboda haka ya kamata mu zauna mu bi tarihi a hankali, mu ji abin da su da kansu suka faɗa a kan Ubangijinmu. Za mu ga suna da dalilai na koyarwa waɗanda ba su sake ba tun farko. Za mu kuma ga ɗacin maganarsu a kan Yesu yakan ƙaru ko ya ragu bisa ga irin fuskar da masu kiran sunansa suka nuna musu.

Da fari magana ce ta cikin gida

Yesu Bayahude ne, mahaifiyarsa Maryamu Bayahudiya ce. An yi masa kaciya a rana ta takwas (Luka 2:21), ya saba shiga majami'a ran Asabar (Luka 4:16), ya kuma kiyaye Idin Ƙetarewa. Manzanninsa goma sha biyu Yahudawa ne, Bulus ma haka. Ayyukan Manzanni 21:20 ya nuna mana dubban Yahudawa sun ba da gaskiya a Urushalima, suna kuma riƙe da Shari'ar Musa. Ashe tun farko bakin Yahudawa bai zo ɗaya a kan Yesu ba. Waɗansu sun bi shi, manyan firistoci sun yi gāba da shi, waɗansu kuwa irin su Gamaliyel suka ba da shawara a ƙyale manzanni, gama aikin mutum zai rushe da kansa, na Allah kuwa ba mai iya rushe shi (Ayyukan Manzanni 5:34-39).

A lokacin ana ɗaukar masu bi kamar wata ƙungiya ce a cikin addinin Yahudawa, ana kiransu da sunan garin Nazarat (Ayyukan Manzanni 24:5). Har yanzu da harshen Ibraniyanci Notsrim ake ce wa Kirista. Sunan nan tushensa ɗaya da Nasara na Larabci, wanda Bahaushe ya ara yake kiran Kirista da Bature da shi.

Wani marubucin tarihi Bayahude mai suna Yusufus ya gama babban littafinsa na tarihin Yahudawa a wajen shekara ta 93. A ciki ya ambaci Yesu a matsayin mutum mai hikima, mai koyarwa, wanda Bilatus ya gicciye. Masana sun yarda Kirista masu kwafar littafin sun ƙara waɗansu kalmomi a wurin daga baya. Amma Yusufus ya kawo wani labari kuma. Ya ce a shekara ta 62 babban firist Hananiya ƙarami ya sa aka jejjefi Yakubu ɗan'uwan Yesu. Waɗanda suka fi kowa kiyaye Shari'a a birnin ba su ji daɗin haka ba, suka kai ƙara, aka tuɓe babban firist ɗin bayan wata uku kacal a kan kujera. Ku lura, 'yan'uwa, Yahudawa ne suka kashe Yakubu, Yahudawa ne kuma suka tsaya suka ce an yi zalunci.

Inda hanya ta rabu

A shekara ta 70 sojojin Roma a ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali. Hadaya ta tsaya, aikin firistoci ya ƙare. Malaman da suka tsira suka taru a garin Yabne, a ƙarƙashin Yohanan ben Zakkai, suka sake gina rayuwar jama'arsu a kan Attaura da addu'a da majami'a. Mutanen da aka ragargaza haka sukan ƙara ɗaure shingen gidansu. A zamanin ne aka sa wata addu'a cikin addu'o'in kullum, ana roƙon Allah ya hukunta waɗanda suka ratse daga hanya. A waɗansu tsofaffin rubuce-rubucen da aka samu a wata majami'a a Alƙahira, an ambaci Notsrim da suna a cikin addu'ar.

Rabuwar ta ƙara faɗi a tawayen Bar Kokba, daga 132 zuwa 135. Babban malami Rabbi Akiba ya ɗauki wannan jarumi a kan shi ne Almasihu. Yahudawa masu bin Yesu ba su iya shiga yaƙi a bayan wani Almasihu dabam ba, sai 'yan'uwansu suka dube su kamar maciya amana. Da Romawa suka ci yaƙin, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga Urushalima. Daga nan shugabancin ikilisiyar birnin ya koma hannun al'ummai. Bangaskiyar da ta tsiro a gidan Yahudawa ta fara yi musu kama da addinin baƙi.

Dalilan da suka bayar

A wajen shekara ta 160 wani Kirista mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe shi saboda bangaskiya, ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tirifo. Abubuwan da Tirifo ya kawo, da waɗanda malamansu suka ƙara daga baya, su ne ake ji har yau. Bari mu jera guda huɗu.

Na fari, sun ce annabawa sun faɗi alamun zamanin Almasihu. Yaƙi zai ƙare, a mai da kayan yaƙi kayan noma (Ishaya 2:4), a tattaro Isra'ila daga warwatsuwa, dukan duniya ta san Allah. Tun da ba a ga waɗannan ba, in ji su, Almasihu bai zo ba tukuna. Na biyu, Shari'a ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne (Maimaitawar Shari'a 21:23), to yaya Almasihu zai mutu a kan gicciye? Na uku, safe da yamma Bayahude yakan furta cewa Allah ɗaya ne (Maimaitawar Shari'a 6:4), a ganinsa kuwa kiran mutum Allah ya saɓa wa wannan. Na huɗu, sun ce Attaura madawwamiya ce, don haka ba za su bi hanyar da ta ajiye kaciya da Asabar da dokokin abinci ba. Ko Ishaya 53, wadda muke gani ƙarara tana maganar Yesu, babban mai fassararsu Rashi, wanda ya rasu a Faransa a 1105, ya ce Bawan nan mai shan wuya jama'ar Isra'ila ce.

Muna da amsa ga kowane ɗaya. Mun gaskata Almasihu ya zo da fari domin ya ɗauki zunubi, zai kuma dawo ya kawo cikakkiyar salama. Mun gaskata ya ɗauki la'anar ne a madadinmu (Galatiyawa 3:13). Mun gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ba za mu janye daga wannan ko taƙi ɗaya ba. Amma mai gaskiya zai yarda waɗannan tambayoyi ne na mutanen da suke karanta Nassi da himma. Almajirai ma da kansu ba su gane ba, sai da Ubangiji ya buɗe musu Littattafai a hanyar Imuwasu (Luka 24).

Akwai kuma maganganu masu zafi. A wajen 178 wani arnen Helenawa mai suna Kelsus ya rubuta abin da ya ce ya ji daga Yahudawa, wai Yesu ɗan wani sojan Roma ne, wai kuma a Masar ya koyo sihiri. A cikin Talmud, wato babban tarin koyarwar malamansu, akwai wurin da ya ce an rataye Yeshu a jajiberin Idin Ƙetarewa domin ya yi sihiri ya ɓad da Isra'ila. Wannan shi ne zargin da muka riga muka karanta a Markus 3:22. Ba su musa ayyukan al'ajabi ba, tushen ikon suka musa. Daga baya wani ɗan littafi na ba'a mai suna Toledot Yeshu ya yaɗu a ɓoye a tsakanin talakawansu. Amma in aka auna girman Talmud, wuraren da suka taɓa Yesu kaɗan ne ƙwarai. Yawancin malamansu shiru suka yi a kansa.

Sa'ad da Ikilisiya ta sami sarauta

A shekara ta 313 Sarki Kostantin ya ba Kirista 'yancin sujada, a 380 kuma addinin Kirista ya zama addinin mulkin Roma. Waɗanda aka tsananta wa jiya suka zama masu iko, Yahudawa kuwa suka koma 'yan tsiraru a ƙarƙashinsu. A Antakiya, cikin 386 da 387, mashahurin mai wa'azi Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi takwas yana zagin majami'a da munanan kalmomi, domin waɗansu 'yan ikilisiyarsa suna zuwa bukukuwan Yahudawa. A 388 taron Kirista suka ƙone wata majami'a a Kalinikum, bakin Kogin Yufiretis. Sarki ya ce a sake gina ta, Bishop Amburos na Milan ya hana.

Abin ya munana a 1096, lokacin yaƙin masu ɗauke da alamar gicciye na fari, wanda Larabawa ke kira Salibiyya. Kafin su bar Turai, waɗansu rundunoni suka auka wa Yahudawan Worms da Mainz da Kolon a ƙasar Jamus, suna cewa ko baftisma ko mutuwa. Aka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Iyaye da dama suka gwammace su kashe 'ya'yansu da kansu da a yi musu baftismar dole. A 1144 a garin Norwich na Ingila aka fara ƙaryar cewa Yahudawa suna kashe yaran Kirista. A 1215 babban taron Ikilisiya a Roma ya umarta su riƙa sa tufafin da za a bambanta su da shi. A 1242 aka ƙone Talmud a birnin Paris, kimanin amalanke 24 na littattafan da aka rubuta da hannu. A wurare da yawa makon Jumma'a Mai Kyau ya zama lokacin da Bayahude yake kulle ƙofarsa don tsoron jifa.

To, 'yan'uwa, yaron da ya tashi yana ganin gicciye a ƙirjin wanda ya ƙone gidansu, me zai ji in an ce masa gicciye alamar ƙauna ce? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku ji wani gefen kuma. A 1146 wani mai wa'azi ya sake zuga mutane a kan Yahudawan Jamus, sai wani bawan Allah, Barnad na Kilerbo, ya taso daga Faransa ya tsawata masa. Marubucin Yahudawa Ifraimu na Bon, wanda yake yaro a lokacin, ya rubuta sunan Barnad da yabo da godiya. Inda aka nuna musu jinƙai, ba su manta ba.

Manyan malamansu sun yi magana

Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurduba ta Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, shi ne mafi girma cikin malaman Yahudawa na wancan zamani. Ra'ayinsa a kan Yesu mai tsanani ne. Ya ce Yesu ya zaci shi ne Almasihu, amma ta dalilinsa aka karkashe Isra'ila aka warwatsa su, ya kuma lissafta sujadar Kirista cikin bautar abin da ba Allah ba. Duk da haka, a ƙarshen babban littafinsa na shari'a ya ce tunanin Allah ya fi ƙarfin mutum, kuma ta wurin addinin Kirista da Musulunci labarin Attaura da begen Almasihu sun kai tsibirai masu nisa, suna share hanya. Bayansa wani malami a kudancin Faransa, Menahem Meiri, ya koyar cewa Kirista ba kamar matsafan dā suke ba, gama al'umma ce mai addini da doka, dole a yi musu gaskiya da adalci kamar Bayahude.

A 1263 Sarki Yakubu na Aragon ya kira muhawara a Barselona tsakanin Rabbi Musa ben Nahman da wani Bayahude da ya zama Kirista, mai suna Bulus Kiristiyani. Sarki ya ba Rabbin izini ya faɗi zuciyarsa. Sai ya ce annabawa sun yi alkawari a zamanin Almasihu ba za a ƙara koyon yaƙi ba, amma tun daga kwanakin Yesu duniya cike take da zalunci, Kirista kuwa sun fi sauran al'ummai zub da jini. Bisa ga labarin da ya rubuta, sarki ya sallame shi da kyautar kuɗi, amma daga baya ala tilas ya bar ƙasar, ya isa Urushalima a 1267. Mu lura da hujjarsa. Ya buɗe Ishaya, sa'an nan ya nuna halin Kirista ya ce a gwada. Rayuwar masu bi ce ta zama masa shaida a kan Ubangijinsu.

Shekarar 1492, da inda labarin ya taɓo ƙofarmu

An kori Yahudawa daga Ingila a 1290, daga Faransa a 1306. A 1492 Sarki Fardinan da Sarauniya Isabela suka ce kowane Bayahude a Sifen ya karɓi baftisma ko ya bar ƙasar. Dubban mutane suka ƙetare teku zuwa Maroko da Aljeriya da ƙasar Turkawa, inda da yawa suka sami mafaka a hannun sarakunan Musulmi.

A daidai wannan lokaci ne labarin ya matso kusa da mu. A Tuwat, cikin hamadar Aljeriya ta yau, akwai tsohuwar jama'ar Yahudawa masu fatauci a hanyar da ta haɗa arewacin Afirka da ƙasashenmu. Shehu Muhammadu al-Maghili ya yi fatawa a kansu, aka rushe majami'arsu a Tamantit, aka kashe waɗansu, sauran suka watse. Bayan haka ya yiwo kudu, ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya zo nan Katsina ya karantar, ya kuma je Gawo wurin Askiya Muhammadu. Muna kawo wannan ne don mu ga cewa a zamani ɗaya ƙofofi suna rufuwa a kan mutanen nan a arewacin teku da kudancinsa, mu kuma a ƙasar Hausa labarinsu muka gada daga bakin waɗansu, ba mu zauna da su mun san su ba.

Gyaran Ikilisiya ma bai kawo musu sauƙi nan da nan ba. A 1523 Martin Luther ya rubuta ɗan littafi yana tuna wa Kirista cewa Yesu Bayahude aka haife shi, ya ce a bi da su da alheri. Da ya ga ba su tuba ba, a 1543 ya rubuta wani yana cewa a ƙone majami'unsu a ƙwace littattafansu. Muna girmama Luther domin ya maido wa Ikilisiya koyarwar ceto ta wurin bangaskiya, amma wannan rubutu nasa zunubi ne, ikilisiyoyin Lutaran da yawa kuwa sun fito fili sun yi tir da shi.

Da iska ta sake

Da tsanani ya fara sauƙi a Turai, sai muryar malaman Yahudawa ta fara sakewa. A 1757 Rabbi Yakubu Emden na Jamus ya rubuta cewa Yesu ya yi wa duniya alheri riɓi biyu, ya ƙarfafa Attaurar Musa, ya kuma raba al'ummai da gumaka. A 1769 wani fasto ya ƙalubalanci masanin nan Musa Mendelson a bainar jama'a, ya ce ko ya rushe hujjojin Kirista ko ya karɓi baftisma. Mendelson ya amsa da ladabi, ya nuna yana girmama halin Yesu, amma zai zauna cikin addinin kakanninsa. A 1791 Faransa ta ba Yahudawa cikakken 'yancin 'yan ƙasa, waɗansu ƙasashe suka bi baya.

Daga nan suka fara karanta Sabon Alkawari da idonsu, ba da tsoro ba. A 1864 Ibrahim Gaiga ya ce Yesu malami ne irin na Farisiyawa, mai bin sawun Hilel. A 1922 Yusufu Kilausna ya buga tarihin Yesu da Ibraniyanci a Urushalima, ya yabi koyarwarsa ta ɗabi'a da misalansa, ko da yake bai karɓe shi a matsayin Almasihu ba. A 1938, shekarar da 'yan Nazi suka ƙone majami'u a dukan Jamus, mai zane Mark Shagal ya zana Yesu a kan gicciye ɗaure da mayafin addu'a na Yahudawa, gidajensu suna cin wuta kewaye da shi. Wato ya ga Yesu cikin 'yan'uwansa masu shan azaba. Masanin nan Martin Buba kuma ya rubuta a 1950 cewa tun yana saurayi yake jin Yesu kamar babban wansa ne.

A lokacin Yaƙin Hitila, wanda kakanninmu suka san zafinsa, an hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a tsakiyar nahiyar da take cike da majami'un Kirista. Koyarwar 'yan Nazi ba ta Kirista ba ce, amma ta sami gonar da aka daɗe ana zuba mata takin reni. Masu bi da yawa sun yi shiru. Kaɗan sun tsaya, kamar iyalin Kori ten Bum a Holan da Fasto Andire Torokme da ikilisiyarsa a Faransa, waɗanda suka ɓoye Yahudawa a gidajensu. Isra'ila ta rubuta sunayensu a Yad Bashem, gidan tunawa da ke Urushalima.

Wani malamin tarihi Bayahude a Faransa, Jul Ishaku, ya rasa matarsa da 'yarsa a kisan. Maimakon ya zagi Yesu, sai ya zauna ya yi nazarin Bishara, ya nuna yadda wa'azin reni ya kauce wa abin da take faɗa. Ya gana da Paparoma Yohanna na 23 a 1960. Ran 28 ga Oktoba 1965 babban taron Katolika ya sanar cewa ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan lokaci ko na yau ba. Ikilisiyoyi da yawa sun yi irin wannan furci.

Amsa ta zo daga wancan gefe. Dauda Fulusa na Jami'ar Ibraniyanci a Urushalima da Geza Bermes na Okusfod sun ba da shekarunsu ga nazarin Yesu a matsayinsa na Bayahude. Wani masani mai riƙon addini, Finehas Lafid, har ya ce ya yarda Allah ya ta da Yesu daga matattu domin al'ummai, amma bai karɓe shi a matsayin Almasihun Isra'ila ba. A shekara ta 2000 malamai da masana fiye da 200 suka sa hannu a wata takarda mai suna Dabru Emet, suna cewa Yahudawa da Kirista Allah ɗaya suke bauta wa. Waɗansu malamansu sun ƙi sa hannu. A 2015 waɗansu malamai masu tsananin riƙon Attaura suka fito da tasu, suna kiran Kirista abokan aiki.

Kada mu ɗauka an gama. Addinin Yahudanci a dukan rassansa bai karɓi Yesu a matsayin Almasihu ko Ɗan Allah ba. Akwai Yahudawa masu bin Yesu a Isra'ila da Amurka da sauran wurare, amma a 1989 Kotun Ƙolin Isra'ila ta yanke cewa ta fuskar dokar komowa ƙasa ana lissafta su cikin masu wani addini. A 2023 an ga waɗansu masu tsattsauran ra'ayi suna tofar da yau a gefen masu ziyara Kirista a tsohon birnin Urushalima, manyan malaman ƙasar kuwa suka tsawata. Tsohon miki bai gama warkewa ba.

Abin da ya rage gare mu

Manzo Bulus ya kwatanta Isra'ila da itacen zaitun na gida, mu al'ummai kuwa rassan zaitun na jeji ne da aka ɗaura a jikinsa. Ya gargaɗe mu kada mu yi wa rassan asali fahariya, gama saiwar ce take ɗauke da mu. Ya ce Allah bai yashe jama'arsa ba. Ya kuma ce ceto ya zo wa al'ummai domin Isra'ila su gani su yi kishi, su so abin da muka samu. Tarihin da muka bi ya nuna sau da yawa Ikilisiya tsoro ta ba su maimakon kishi.

Saboda haka, da fari mu tsare bakinmu. Kada Kirista ya zagi mutum da sunan kabilar da Mai Cetonsa ya fito. Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi su yi hankali a makon Jumma'a Mai Kyau. Ayyukan Manzanni 4:27 ya lissafta Hirudus da Bilatus da al'ummai da mutanen Isra'ila gaba ɗaya, zunubin da ya kai shi gicciye kuwa namu ne duka.

Na biyu, mu da muke 'yan tsiraru a inda muke zaune, mun san zafin a kira mutum da sunan reni, mun san zaman ɗar-ɗar a ranar da gari ya ɗauki zafi. Abin da Yahudawa suka sha a hannun masu kiran sunan Yesu ke nan har shekaru fiye da dubu. Wannan ya isa ya sa mu ji tausayinsu, ya kuma gargaɗe mu a kan abin da za mu yi wa waɗansu a duk inda yawa da iko suke hannunmu.

Na uku, maƙwabtanmu a nan suna girmama Annabi Isa, amma ba su karɓi gicciyensa da zamansa Ɗan Allah ba. Yawancinsu ba za su buɗe Bishara ba, mu za su karanta, a kasuwa da ofis da bakin famfo. A ƙarshen shekarun 1930, da ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi aikin kutare a Babbar Ruga kusa da birnin nan, hannun da ya wanke miki shi ya buɗe kunnuwa da yawa. Mu ba da dalilin begenmu ga duk mai tambaya, da tawali'u da ladabi, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ya koya mana. Tuba aikin Ruhu Mai Tsarki ne, tilas ba ta taɓa haifar da ita ba.

Mu yi addu'a.

Ya Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, Uban Ubangijinmu Yesu Kristi, mun gode maka domin jama'ar da ta wurinsu ka ba mu annabawa da manzanni da Mai Ceto. Ka gafarta wa Ikilisiyarka inda ta sa sunan Ɗanka ya zama abin tsoro. Ka buɗe idon Isra'ila su ga Almasihunsu. Ka ba da salama ga dukan mazaunan ƙasar nan mai tsarki, Yahudawa da Larabawa, Musulmi da Kirista. Ka sa zamanmu a Katsina ya jawo mutane zuwa gare ka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.